Jos a farkon damina: fure a tsakar gida, ƙanƙara a sama

Yau Jos za mu je, kuma a lokacin da na fi son ku gan ta, wato daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, sa'ad da bazara ke miƙa wa damina gari.

Idan daga Abuja kuka taso, za ku bi Keffi da Akwanga, sannan mota ta fara hawa a Hawan Kibo. Daga nan ake sauke gilashi, domin iskar ta sauya. Jos na zaune a kan tudun da ya haura mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere da ke gabashinta kuwa sun wuce mita 1,800. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6, shi ya sa shukar da za ta ƙone a Kano ko Lokoja take walawa a nan. Turawan da suka zo haƙar kuza a farkon ƙarni na 20 sun gane haka, suka cika gidajensu da wardi da wasu furanni na ƙetare. Kuza ta ja baya, ta bar manyan kududdufai da ake noman rani da ruwansu, al'adar shuka fulawa kuwa ta zauna daram. Ba a Rayfield da tsohuwar unguwar Turawa ta tsaya ba. Ku leƙa gidajen talakawa, za ku ga fulawa a bokitin fenti, a tsohuwar taya, har a gwangwanin madara a bakin taga.

A wannan lokaci kowace shuka da ranarta. Jakaranda kan zubar da furenta mai launin shunayya har ƙasan bishiyar ya zama kamar an shimfiɗa darduma. Boganbiliya, mai hawa katanga da ƙaya, tana kan ganiyarta tun rani. Amma waɗanda suka fi burge ni su ne masu fitowa daga wurin da jiya babu komai sai busasshiyar ƙasa. Akwai wata mai fito da kara ɗaya tal ba ganye, a kansa jan fure dunƙule guda kamar ƙwallo mai gashi. Akwai amarilis mai faɗin baki kamar kakaki. Akwai kuma 'yan ƙanana masu ruwan hoda ko fari, da ke cika gefen hanyar shiga gida kwana kaɗan bayan an yi ruwa, su yi kwana ɗaya ko biyu su kwanta, sai kuma wani ruwan.

Sai dai sararin samaniyar Jos ba ta da alƙawari a watan Afrilu. Safiya kan zo da sanyi mai daɗi, azahar da rana mai ƙuna, domin Maris da Afrilu ne watannin da suka fi zafi a garin. Kafin la'asar hadari ya haɗo, iska ta taso da ƙura, tsawa ta biyo, wani lokaci ƙanƙara ta riga ruwan sauka. Iska mai ƙarfi ce ke cilla ɗigon ruwa can sama inda yake daskarewa, kuma da yake tudun ya kusanci gajimare, ƙanƙarar ba ta samun damar narkewa kafin ta iso ƙasa. Cikin minti goma takan yi wa wardi kaca-kaca, ta huda ganyen kabeji, ta sa kwanon rufi ƙara har ba a jin magana. Matan garin sun saba: da an ga gabas ta yi baƙi, ana kwashe shanya ana jawo tukwanen fulawa ƙarƙashin baranda.

To, a nan aikina na harhaɗa magunguna ya shigo. Ta yaya tsiro zai yi fure 'yan kwanaki bayan ruwan farko, alhali masarar da aka shuka rana ɗaya da kyar ta leƙo? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan furanni suna da kai irin na albasa, inda suka ɓoye abinci tun daminar bara. Wata biyar na rani wannan rumbu yana binne, ga ɓera da gafiya da ƙwari na neman abin ci, saboda haka shukar ta tsare shi da guba. Kakanninmu sun san da haka, shi ya sa suka kira danginsu na daji albasar kwaɗi, wato ba ta mutane ba ce. Babban sinadarin da ke cikinsu, laikorin, yana kawo dalalar miyau da amai da gudawa da ciwon ciki. Daga wannan dangi ne kuma aka samo galantamin, maganin da ake bai wa masu cutar mantuwa ta tsufa, amma shi an tace shi, an auna shi da miligiram.

Haɗarin yakan zo ne lokacin da aka tono kawunan domin a rarraba ko a bai wa baƙuwa tsaraba. A zuba su a leda, a ajiye kusa da kicin, wadda ba ta sani ba ta ɗauka albasa ce. Uwargida, idan aka ba ki irin wannan tsaraba a Jos, ki rubuta a jikin ledar, kada kuma ki haɗa ta da buhun dankalin Turawa da karas da kika sayo. Alama mai sauƙi ita ce ba su da warin albasa ko kaɗan idan an yanka.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro ba masu kan albasa ba ne. Oliyanda, dogon shingen nan mai siririn ganye da fure ruwan hoda ko fari, da kuma kariya, mai ƙaton gindi da ake sawa a tukunya, dukansu suna ɗauke da sinadaran da ke aiki a kan zuciya irin aikin digoksin. Digoksin magani ne da muke bayarwa da taka-tsantsan sosai, domin tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙarama ce. Ganye ba shi da ma'auni. Yarinya mai wasan tuwon ƙasa da ta yi miya da furen oliyanda ta ɗanɗana tana iya ci gaba da wasanta, sai bayan sa'o'i amai da jiri su zo, bugun zuciya ya rikice. Kada a yi asuwaki da reshensu, kada a sa su a murhu. Shingen ƙerana da za ku gani kewaye da gidaje da gonaki a ƙauyukan Filato kuwa, farin ruwansa yana ƙona ido ƙwarai. Idan ya shiga, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a je a duba.

Ga kuma binka, 'yar fulawar nan mai fure fari ko ruwan hoda da ke fitowa ko a tsagar siminti, wadda asalinta daga Madagaska ne. Ana yawan cewa a dafa ta a sha don ciwon suga. Wannan maganar ce ta kai masu bincike gare ta a shekarun 1950, sai suka tarar tana rage fararen ƙwayoyin jini. Daga nan aka samo binkiristin, ɗaya daga cikin manyan magungunan sankarar jini ta yara. Abin da ake yaƙar sankara da shi bai dace da butar shayi ba.

Idan yaro ya ci wani abu daga lambu, a cire abin da ya rage a bakinsa, a kuskure masa. Kada a cusa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara da sunan karya guba. Ba sa karya ta, kuma idan ya shaƙe suna iya gangarawa huhu. A tsinko reshen da furensa, ko a ɗauki hotonsa a waya, a tafi asibiti ko da yaron yana dariya. A Jos akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato.

Ban ce a tuge fulawa ba. Na fi son gida mai fure a kan tsakar gidan da aka malale da siminti tas. Masu guba a ɗora su a sama ko bayan shinge, a bar wardi da boganbiliya inda ake zama.

Iyaye masu 'ya'ya da asma kan zargi fure, alhali yawanci ba laifinsa ba ne. Fure mai launi ƙudan zuma da malam buɗe littafi ne ke ɗaukar garinsa, garin yana da nauyi, ba ya yawo sosai a iska. Garin ciyawa ne ke tashi. A wannan lokaci ƙurar da ke gaban hadari da faɗuwar zafi farat ɗaya sun fi tayar da ciwon. Maganin shaƙa na salbutamol ya kasance a jakar hannu, ba a akwatin da ke but ɗin mota ba, a kuma duba ranar ƙarewar wa'adinsa kafin a bar gida. Kowane yaro a sa masa rigar sanyi a jaka, ko da da gumi aka taso daga Abuja.

Sanyin Jos bai kori sauro ba, saboda haka gidan sauro na cikin kayan tafiya. Farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fulawa da tsohuwar taya suna tara ruwa, sauro kuma kan tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako ɗaya zuwa biyu; a riƙa zubar da ruwan duk mako. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa tohon wardi, ruwan sabulu kaɗan ya ishe su, ba sai an kai ga fiya-fiya a inda yara ke rarrafe ba.

Lokacin shiga lambu shi ne tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe, raɓa ba ta gama bushewa ba, hadari bai fara haɗuwa ba. Wardin da ya fara buɗewa a yanke shi a lokacin, a sa a kofin ruwa a falo, domin babu tabbacin zai kai magariba a jikin uwarsa.