Sabulun da Na Kulle a Durowa

Shekara uku na yi ina raina sabulun surukata. Duk zuwan da Hajiya za ta yi daga ƙauye sai ta ƙullo mana sabulun salo a leda, baƙi ƙirin, yana warin toka. Nakan durƙusa in karɓa hannu bibbiyu in yi godiya, tana ba da baya in tura shi ƙarƙashin gado, ƙarshe ya ƙare a wankin tsummokara. Ni a lokacin hankalina na kan sabulun magani, irin wanda ake talla a talabijin, a nuno mutum da farar rigar likita, ƙwayoyin cuta suna ta mutuwa a tafin hannun yaro.

Kuɗinsa ya fi na sabulun gama-gari nesa ba kusa ba, kuma daga nan ɓarnar ta faro. Abin da aka saya da tsada wa zai bar shi inda yara za su jiƙa shi ya narke? Sai na riƙa kulle shi a durowa, in fito da shi lokacin wankan safe, in mayar. A bakin banɗaki kuwa buta ce kawai. Yaro ya fito ya watsa wa hannunsa ruwa, ya goge a riga, ya zo ya tsoma a kwanon tuwo tare da 'yan'uwansa. Ni kuwa ina ta alfahari a unguwa cewa gidana ba a wasa da tsafta.

Wata damina gudawa ta bi yaran nan uku ɗaya bayan ɗaya. Autan sai da ya kwana biyu a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Hajiya ta zo jinya. Ranar da aka sallame mu tana zaune a tabarma tana jan carbi, ta ga babbar 'yata ta fito daga banɗaki ta nufi kicin.

"'Yar nan, ina sabulun wanke hannun yaran?"

"Yana ɗaki, Hajiya. Na magani ne."

"To ai cutar ba a ɗaki take ba."

Na sunkuyar da kai, amma a raina haushi na ji. Har ƙorafi na kai wa ƙanwar maigidana, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ina tsammanin za ta goyi bayana tunda 'yar boko ce. Dariya ta yi, ta ce, "Anti, wallahi Hajiya ta fi ki gaskiya." Ita ta fara ba ni labarin wani bincike da aka yi a Karachi, daga baya na nema na karanta.

A unguwannin talakawa na wannan birni na Pakistan aka yi shi, aka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 2005. An raba wa wasu gidaje sabulu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, wasu kuma sabulu zalla, ana zagayawa kowane mako ana tuna musu wanke hannu. A gidajen da suka samu sabulu zalla, gudawar yara ta ragu da kashi 53 cikin 100 idan aka kwatanta da gidajen da ba a ba sabulu ba, ciwon namoniya na 'yan ƙasa da shekara biyar ya ragu da rabi. Tsakanin sabulun magani da na gama-gari kuwa, ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga duk matar da ta taɓa wanke tukunyar miya. Sabulu yana kama maiƙo ta gefe guda, ya kama ruwa ta ɗaya gefen. Ƙwayoyin cuta a maiƙo da dauɗar fata suke maƙalewa, don haka idan aka cuɗa hannu da kumfa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, aka ɗauraye, sai su bi ruwa. Shi kuwa maganin da ake zubawa a sabulu yana buƙatar lokaci mai tsawo kafin ya yi aiki, kafin nan an daɗe da ɗauraye shi.

A watan Satumba na 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana saka sinadarai 19 a sabulun wanka da na wanke hannu da ake sayar wa jama'a, cikinsu har da tirikulosan da tirikulokaban. Hujjarta ita ce kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa amfani, sun kuma kasa nuna cewa ba su da illa ga mai shafa su kullum shekara da shekaru. Akwai fargabar su taɓa sinadaran jiki, ko su sa ƙwayoyin cuta su yi taurin kai ga magani. Hanin bai shafi asibitoci ba, kuma wanda likita ya rubuta wa sabulu don ciwon fata, wannan maganarsa daban.

Ba zan rantse cewa hannu ne kaɗai ya jawo mana gudawar nan ba, ruwan rijiyarmu ma ba abin yabo ba ne da damina. Sabulun salon ma wani tokarsa kan yi yawa ya busar da fatar jariri, musamman da hunturu. Amma kulle sabulu ni na kulle, ba wanda ya sa ni.

Kafin Hajiya ta koma na je na durƙusa na ce ta yafe mini. Ba ta ja maganar ba. Ta ce in kawo wuƙa da tsohuwar safa. Ta yanka sabulun gida uku, ta cusa ɗaya a safar ta ƙulle, ta rataye a ƙusa daidai inda ake ajiye buta, ƙasa-ƙasa yadda hannun auta zai kai.