Ƙashi Da Ƙarfe: Illar Hutu A Kafaɗar Da Aka Musanya

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar azara, alhali kuwa rayayye ne, kullum cikin rushewa da ginuwa yake. Tun a 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ƙara kauri inda nauyi ke sauka, yana kuma ramewa inda aka ɗauke masa kaya. Shekara guda bayan haka, a birnin Faris, Jules Péan ya fara sa wa mutum gaɓar kafaɗa ta ƙira. Yau aikin ya zama ruwan dare, kuma maganar Wolff tana nan tana binsa.

Idan gaɓar ta lalace, likitan fiɗa yakan yanke kan ƙashin damtse, ya zura sandar ƙarfe cikin kogon ɓargo. Wani lokaci akan liƙe ta da simintin ƙashi. Wani lokaci kuwa akan cusa ta tsam ba siminti, a bar jikinta da kaushi da ƙananan ramuka domin ƙashi ya tsiro ya kama ta da kansa.

To, a nan gizo ke saƙa. Ƙarfe, ko da titaniyam ne, ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba. Saboda haka idan mai kafaɗar ya ɗaga tulu, sandar ce ke karɓe nauyin ta sauke shi can ƙasa. Ƙashin sama, da ya ga an hutar da shi, sai ya soma sirancewa. Na wajen ƙarshen sandar kuwa yakan yi kauri. Sau da yawa mutum ba ya jin komai, sai hoton asibiti ya tona. Amma ranar da ya faɗi, ko aka bukaci sake aikin, ƙashin da ya rame ba shi da abin riƙewa.

Wannan ya sa maƙera suka koma ga gajerun sanduna, har da gaɓar da ba ta da sanda sam, likitoci kuma suna gudun sandar da ta cika kogon maƙil. Manufar ita ce a raba kaya tsakanin ƙarfe da ƙashi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Taimakon da ya ɗauke wa ƙashi dukkan wahala, shi ne ke cinye shi a hankali.