Muruci Da Zuciyar Giginya A Yerwa

Baƙon da ya ratsa Kasuwar Monday ta Maiduguri a lokacin muruci, da wuya ya rasa masu tallarsa a faranti. Muruci shi ne tsiron ƙwallon giginya, wanda akan binne wata da watanni sa'an nan a tono. Dafaffensa da garɗi kamar rogo. Ɗanyensa kuwa ɗaci gare shi, sai an wanke an dafa sosai.

Akwai kuma farar zuciya mai taushi can a ƙoƙuwar itacen. Amma giginya kai ɗaya gare ta, ran da aka ciro shi ta mutu ke nan. A ƙasar da hamada ke matsowa, gara manomi ya binne ƙwallo, ya bar uwar a tsaye.