Tarbiyyar Ɗan Ƙwallo a Ingila da a Karkarar Kano

A nan Ingila manyan ƙungiyoyi sukan ɗauki yaro tun yana ɗan shekara tara, kuma tun 2012, da aka sabunta tsarin makarantun ƙwallo, an wajabta musu kula da karatunsa da lafiyarsa kamar yadda suke kula da ƙafarsa. To, amma duk da wannan ni'ima, wanda ya saurari samarin zai tarar cewa, bayan sun yaba masu horarwa da filaye da likitoci, zukatansu na ɗauke da fargaba guda, domin sun san akasarinsu sallama za a yi a shekara 16 ko 18, alhali ba su san wata rayuwa ba sai ta ƙwallo.

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Minjibir kuwa, inda gona ke manne da gona, filin wasa sai na firamare, ko gonar da aka girbe gero aka kwashe kara. Da damina yaro na wajen noman firi da maimai. Da rani, in an taso daga Islamiyya bayan la'asar, a girke duwatsu biyu a madadin raga, a yi ta bugawa har a kira magariba. Kocinsu wani yayansu ne na unguwa, da karo-karo ake sayen ƙwallon, in ta fashe a ɗinke. Burin kowa ya sa rigar Kano Pillars, ƙungiyar da aka kafa a 1990, wadda daga cikinta Ahmed Musa ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010.

Haƙiƙa yaronmu ya rasa kayan aiki da likita, kuma yakan faɗa hannun dillalan da ke sa uba ya sayar da sa ko gona, alhali dokar FIFA ta hana sauya wa yaro ƙasa kafin shekara 18, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa. Sai dai in ƙwallo ta ƙi, yana da fartanya da allo da dangi.

Saboda haka wajibi ne ga duk mai niyyar buɗe makarantar ƙwallo a ƙasar Kano ya ari nizamin Turawa ba tare da ya raba yaro da karatu da sana'ar gidansu ba, ya kuma gaya wa iyaye gaskiya tun ranar farko, cewa waɗanda za su kai gaci ƙalilan ne. Ɗan mutane amana ne, kuma haƙƙin wanda aka sallama yana wuyan mai makaranta daidai da na wanda ya yi fice.