Araha Ba Ta Ado

A shekarar 2019 na je gwanjon motoci a Kumasi, na ga wata tsohuwar Opel tana sheƙi, kuɗinta kamar kyauta. Ban sa an tada inji ba, na ɗaga hannu da kuɗin auren 'yata. Bayan kwana uku ta mutu. Makanikena a Suame ya ce, "Alhaji, injin nan ya gama aiki." Na koma wurin mai gwanjo, ya nuna mini inda na sa hannu cewa na saya yadda take.

Dokar ciniki ta Ghana ta 1962 ta ce in guduma ta faɗi, ciniki ya faɗa. Kafin nan mai tayi na iya janyewa. 'Yan'uwa, ku tafi da makanike, ku karanta takarda tun guduma na sama.