Riƙon Tsohuwar Mota

A bakin Bahaushe tsufa yana da fuska biyu. Idan aka ce tsohuwar zuma, yabo ne, domin da ita ake magani. Idan kuwa aka ce tsohuwar mota, sai a yi murmushi, a tuno hayaƙi da turi da ƙarar salansa, har suna aka raɗa mata, wai akwala. Duk da haka akwai mutane a duniya da suka ɗauki riƙon tsofaffin motoci a matsayin abin sha'awa, suna kashe dukiya da lokaci domin kada ƙarfen da ya yi zamaninsa ya lalace. Ni ma ina cikinsu, ko da yake abin da na mallaka guda ɗaya ne tal: Peugeot 504 ƙirar 1978, wadda mu a nan muke kira fijo.

Kafin in faɗi dalilina, ya kamata a san ko wace ce 504. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a shekarar 1968, bayan kamfanin Pininfarina na Italiya ya sa hannu a zanen jikinta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Injinta na farko yana da girman sisi 1796, daga baya aka ƙara shi zuwa 1971. Ƙafafun baya ne ke tura ta, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, kuma an yi mata ƙafafu masu shanye gargada, abin da ya sa ta dace da hanyoyin da ba su san kwalta ba. A 1975 direba ɗan Suwidin Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, a shekarar nan kuma ta ci gasar Maroko da ta Bandama a Kwaddibuwa. An daina ƙera ƙaramar a Turai a 1983, amma a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a 1975, an ci gaba da fito da ita har bayan shekarar 2000.

Ta ƙofa biyu wannan mota ta shigo mana. Ta kudu, ƴan kasuwa sun riƙa kawo haɗin Kaduna ta Kano da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ta arewa kuma, a shekarun 1970 da 1980, samarin Turai sun riƙa sayen tsofaffin fijo da arha a ƙasashensu, su ratso Sahara ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Yamai, su koma gida a jirgi da kuɗin. Tamu ta wannan ƙofa ta biyu ta zo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a Agadas a 1984 daga hannun wasu samari Faransawa biyu, ya tuƙo ta zuwa Maraɗi. A cikinta aka kai mahaifiyarmu asibiti ranar haihuwar autanmu, a cikinta aka kai amaren gidanmu uku, kuma da ita ya riƙa zirga-zirgar fatauci tsakanin Maraɗi da Damagaram da Kano har ƙarfinsa ya ƙare.

Da ya rasu aka zo rabon gado, motar ta zama abin da kowa yake kau da kai daga gare shi. Ta shekara biyu a ƙarƙashin rumfa, tayoyi sun sace, kaji sun yi sheƙa a bayanta. Yayanmu babba ya ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna ta, a raba kuɗin. Na ce: "Yaya, a yi mata kuɗi kamar yadda masu ƙarfen za su saya, a cire daga rabona." Ya dube ni ya ce: "Kai dai ka sani. Wannan ba mota ka ɗauka ba, iyali ka ƙara." Aka yi dariya, aka sa a rabona. Maganarsa kuwa ta tabbata, domin tun daga ranar ba a yi watan da ba ta ci wani abu daga aljihuna ba.

Wannan ciniki na cikin gida shi ya sa na fara tunanin yadda ake ƙimanta tsohuwar mota. A Turai abin yana da ƙa'ida. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 domin haɗa kan masu riƙon irin waɗannan motoci, tana kiran mota ta tarihi idan ta kai shekara 30, an adana ta bisa yadda aka ƙera ta, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. A kasuwarsu abubuwa uku ke ɗaga farashi. Na farko ƙaranci: a watan Mayu na 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, domin irinta mai rufi guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Na biyu asali: motar da ke da injinta na farko da fentinta na farko da kujerunta na farko ta fi wadda aka sabunta daraja, ko da sabuntawar ta fi ƙyalli. Na uku tarihi, wato wa ya shiga, ina ta je, me ya faru a cikinta. Baƙar Mercedes ɗin da aka harbi Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a gidan tarihi na Legas da hujojin harsashi a jikinta, kuma babu mai tambayar ko injinta yana tashi.

Bisa wannan ma'auni, fijona ba ta da wani ƙaranci, tun da an ƙera ire-irenta fiye da miliyan uku. Sai dai yawa ba ya hana ƙarewa. A garuruwanmu ma'aunin tsohuwar mota shi ne sikeli. Masu sayen ƙarfe suna bin garejoji da bayan gidaje, su saya, su daddatsa, su loda a babbar mota zuwa inda za a narkar. A tashar da a da ake jera dogayen 504 masu layin kujeru uku, yau Toyota ce ta cika fili. Abin da kowa yake da shi jiya, babu wanda ya ga dalilin ajiye shi, kuma ta haka ne abu yake ɓacewa ba tare da an lura ba. Wata rana yaro zai tambayi irin motar da kakanninsa suka yi fatauci da ita, a rasa ko guda da za a nuna masa.

Riƙon nata kuwa aiki ne na haƙuri, kuma kowane lokaci na shekara da irin nasa ciwon. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Idan ta wuce matacin iska ta shiga kafireta, sai injin ya fara tari, idan kuma ta kai cikin injin ta gauraya da baƙin mai, sai ta riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. Saboda haka nakan duba matacin kowane mako, in canza baƙin mai kafin lokacinsa ya cika. Da bazara zafi ne. Jikin injin 504 na baƙin ƙarfe ne, kansa kuma na alminiyom, su biyun ba sa buɗewa daidai idan suka yi zafi, don haka tafasa guda ɗaya mai tsanani tana iya lanƙwasa kan injin ta ƙona gaskit. Dole lagireto ya kasance a wanke, tiyoyi ba su tsage ba, bel ɗin fanka a ɗaure. Da damina kuma tsatsa ce, wadda takan fara daga inda ido ba ya kaiwa: ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, gindin ƙofofi, da ramin ajiye tayar safiya.

Akwai kuma ciwon da ba ruwansa da lokaci, wato zama. Motar da aka ajiye ba a tayarwa ta fi wadda ake hawa saurin mutuwa. Batir yakan sauka, fetur ya tsufa a tanki ya bar danƙo a kafireta, man birki ya sha danshi ya sa tsatsa a cikin bututu, roba ta bushe ta tsattsage, taya kuma ta lalace ko da zanenta bai goge ba. Shi ya sa kowace Juma'a bayan la'asar nakan fito da ita in yi tafiyar da za ta isa injin ya ɗauki zafi sosai, in taka birki sau da yawa, in saurari ƙafafunta a kan gargada, sannan in mayar da ita inuwa. Ba na zuba mata man kwalba na bakin hanya sai na tace shi da ƙyalle.

Kayan gyara su ne babbar jarrabawa. Abin da aka rasa a Maraɗi sai a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda har yanzu ake samun ragowar zamanin haɗin Kaduna. Sau da yawa tsohon abu na asali da aka ciro daga matacciyar mota ya fi sabo na kwali inganci. An taɓa sayar mini da famfon ruwa a cikin kwali mai tambarin zaki, bai yi wata biyu ba ya fara yoyo. Duk abin da na cire daga jikinta, ko da ya lalace, nakan ajiye shi a akwati, domin wani lokaci ana iya gyara shi, idan kuma ba a iya ba, shi ne samfurin da za a nuna wa maƙeri.

Amma abin da ya fi kayan gyara ƙaranci shi ne hannun da ya san aikin. Bakaniken da ke duba mini ita dattijo ne wanda ya koyi sana'a a kan 404 tun yana yaro. Ba ya amfani da na'ura. Yakan ce in tayar, ya dafa murfin injin, ya sunkuyar da kai kamar mai sauraron gaisuwa daga nesa, sannan ya faɗi bawul ɗin da ya saki. Da kunne yake daidaita kafireta. Yaran garejinsa kuwa sun fi son motocin zamani, waɗanda ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu, kuma ba na ganin laifinsu, domin a can abinci yake. Wata rana na ce masa: "Baba, idan ka huta, wa zai duba mana ita?" Ya goge hannu da tsumma ya ce: "Ɗana, kai za ka duba ta. Kawo sufana mai lamba goma sha uku, ka tsaya nan ka gani." Tun daga lokacin ba na barin garejin idan ana aikinta. Ina da littafi da nake rubuta abin da ya yi da dalilin da ya sa ya yi, da sunan kowane ƙarfe kamar yadda yake kiransa, wani daga Faransanci, wani daga Ingilishi, wani kuma Hausa tsantsa.

Masu sukar wannan sha'awa suna da hujja, kuma ba na raina ta. Tsohuwar mota ta fi ta zamani shan mai da fitar da hayaƙi. Ba ta da jakar iska mai kare direba idan aka yi karo, birkinta kuma ba irin na yau ba ne, shi ya sa ba na ɗaukar iyalina a cikinta zuwa doguwar tafiya, ba na kuma gudu da ita. Wani aminina ya taɓa tambayata ko wannan bai zama almubazzaranci ba, a garin da ake da masu kwana da yunwa. Tambayar ta zauna mini a rai. Iyakar da na sa wa kaina ita ce, ba ta cin kuɗin cefane ko na makarantar yara, kuma duk shekarar da hannu ya yi ƙunci sai ta jira. Abin da nake kashewa kuwa a cikin gari yake tsayawa: wurin bakanike, da mai walda, da mai ɗinkin kujera, da mai fenti, mutanen da sana'arsu ita ce tsawaita ran abin da wani ya yar.

Mun iya adana takobin kaka da alkyabbarsa da littattafansa, domin mun yarda su tarihi ne. Ƙarni na 20 ma ya bar mana nasa kayan: keken ɗinki, rediyo, agogon bango, da motar da ta rage tafiyar kwanaki ta koma ta yini guda. Wanda yake da irin wannan mota a bayan gida, kafin ya kira mai sikeli, ya ɗauki hotonta, ya rubuta lambar jikinta da shekararta, ya tambayi manya inda aka saye ta da wuraren da ta je. Idan ba zai iya riƙonta ba, ya nemi wanda zai iya. A nawa ɓangaren, ƴata ta fari, mai shekara 14, ta fara riƙe mini fitila idan ina duba filogi, kuma a makon jiya ita ta fara jin cewa bel ɗin fanka ya saki tun kafin in buɗe bonet.