Mega Ta Ƙare

Akwai wata magana da ta shigo bakinmu wadda kakanninmu ba su taɓa ji ba. Maganar ita ce: "Mega ta ƙare." Ana jin ta a kasuwar Ƙonni ranar Laraba. Ana jin ta a garaken albasa na Galmi, da bakin gidan siminti na Malbaza. Mutum yana cikin magana da ɗansa da ya tafi cin rani Legas ko Abijan, sai murya ta yanke. Kuɗi aka biya, kuɗin gumi kuwa. Dole rai ya ɓaci.

Mega ma'auni ce, kamar tiya. Tiya tana auna hatsi, mega tana auna abin da ke shiga salula da abin da ke fita. Wajen mega 1000 su ne giga guda. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega guda ba. Bidiyo na minti ɗaya kuwa yana iya cin mega 5 ko 10.

Wasu suna sayen mega wajen kamfanonin salula, kamar Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom. Wasu kuma wajen samarin da suka kafa wifi cikin unguwa, masu sayar da tikiti. Na biyun nake son mu duba, don nan ne mai saye da mai sayarwa suka san juna, kuma nan ne ake faɗa.

Tikitin ƴar takarda ce mai suna da lambar asiri. In ka rubuta su cikin salula, akwatin mai wifi ya karɓa. Akwatin nan kamar mai tsaron ƙofa ne a bankin cimaka. Ba shi ke riƙe da littafi ba. Sai ya tambayi wata na'ura, wadda ita ce magatakarda: "Akwai wannan suna? Lambar daidai take? Saura nawa gare shi?" In ta ce i, a buɗe maka. Daga nan mai tsaron ƙofa yana ƙirga abin da ka ci, yana kai wa magatakarda rahoto lokaci zuwa lokaci. Ranar da rabonka ya cika, a rufe. Wannan tsari sunansa RADIUS. A Amurka aka fara shi, a shekarar 1991.

Wani dattijo cikin ajinmu na yaƙi da jahilci, manomin albasa, ya zo mini da tikitinsa a hannu. Ya ce, "Malam, yaron nan ya cuce ni. Na kwana guda na saya, ko azahar ba ta yi ba ya rufe mini."

Na ce, "Baba, karanta mini abin da ke jikin takardar."

Ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya: 500 Mo, 24 h. Ga inda gizo ke saƙa. Da Faransanci aka rubuta. Mo ita ce mega, Go giga, h awa, j kwana. Tikitin iyaka biyu gare shi, ta lokaci da ta yawa. Wadda ta riga cika ita ke rufe ƙofa. Baba ya ji awa 24 da kunne, ba wanda ya gaya masa mega 500.

Amma ya rantse saƙon murya kaɗai ya aika. Gaskiya ya faɗa. Muka buɗe salularsa wajen da take nuna abin da kowane aiki ya ci. Ashe yana cikin wata ƙungiyar WhatsApp ta ƴan garinsu, kuma duk bidiyon da aka turo salular tana sauke shi da kanta, ko bai kalla ba. Bayan haka, salula in ta ga wifi tana ɗauka kyauta ce. Sai ta shiga sabunta kayan cikinta ba da sallama ba. Muka kashe biyun duka. Ku ma ku sa wanda ya iya ya kashe muku, ku tsaya kuna gani don gobe ku yi da kanku.

Kada a ce kullum mai saye ke da kuskure. Na'ura ma tana ɓata lissafi, kuma wani lokaci mai wifi ke kwana ciki. Wani saurayi da na koya wa karatu yana wannan sana'a. Ya sayar da tikitin wata guda mai giga 10. Wata ya kusa ƙarewa, littafi yana nuna mutumin bai ci ko giga 4 ba, alhali kullum yana kallon kokowa har dare.

Dalilin yana da ban mamaki. Kun san agogon babur mai ƙirga kilomita. In ya kai 99999, sai ya koma sifiri. To, ma'aunin farko na RADIUS haka yake. Adadi 4,294,967,296 kaɗai yake iya ɗauka, wato wajen giga 4. In ya cika ya koma sifiri, ya sake daga farko. Mai giga 10 ba zai taɓa kai iyakarsa ba ke nan. Masana sun ga wannan tun tuni. A shekarar 2000 suka ƙara ma'auni na biyu, mai ƙirga sau nawa na farkon ya juya. Na'urar saurayin tana karanta na farko, ba ta haɗa da na biyu. Wani mai gyara ya daidaita masa, lissafi ya fito.

Sai kuma wuta. Mun sha wannan tun watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. In wuta ta ɗauke farat ɗaya, mai tsaron ƙofa ya mutu bai gaya wa magatakarda cewa ka fita ba. Wuta ta dawo, ka sa lambarka, a ce wani yana ciki da sunanka. Ba wani ba ne, kai ne littafi bai sallama ba. Ba sai ka sayi sabon tikiti ba. Je ka ce wa mai wifi ya rufe tsohuwar shigarka, aikin minti ɗaya ne. Sai fa in ka ba wani lambar asirinka, wannan kuma tsakaninku ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne tikiti da Faransanci a garin da kowa Hausa yake ji. Na gaya wa saurayin nan haka. Na ce ya rubuta: mega 500, awa 24, wadda ta riga cika ita ke rufewa. Ya ce takardar ƙarama ce, ba za ta ɗauka ba. Muka gwada a bayan wani tsohon tikiti da biro, ta ɗauka har da sauran wuri.